Dakta Yusufu Bala Usman: Ɗan Durbin da ya sake rubuta tarihin Birnin Katsina

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Durbi, a gabashin Birnin Katsina, ya san yadda wurin yake cika da masu babura da masu Keke Napep da 'yan makaranta da ma'aikatan da ke fita zuwa ofisoshin bayan gari. Kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su tambayi asalin sunan da ƙofar take ɗauke da shi. Alhali kuwa sunan Durbi ya girmi ginin da yake tsaye a wurin yau, ya girmi sarautar Sulluɓawa da ta Dallazawa, har ma ya girmi zamanin da Katsina ta zama birnin da ake juya ƙasa daga cikinsa. Durbawa su ne gidan sarautar da ya riƙe wannan yanki kafin Muhammadu Korau, kuma kushewun manyansu suna nan har gobe a Durbi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin.

Masanin da ya fi kowa zurfafa bincike a kan yadda mulki ya tashi daga hannun Durbawa ya koma cikin ganuwar Katsina, shi kansa ɗan Durbi ne. Shi ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Yawancin jama'a sun fi saninsa da gwagwarmaya da kaifin harshe a fagen muhawara, amma a ɗakunan karatu na jami'o'i an fi riƙe shi da wani littafi guda da ya fito a 1981, wanda har yau da wuya a yi rubutu mai nauyi a kan ganuwar Katsina ko ƙofofinta ko unguwanninta ba a kafa hujja da shi ba.

An haife shi a garin Musawa a shekarar 1945, a gidan da sarauta ta kewaye ta kowace fuska. Mahaifinsa ya riƙe sarautar Durbin Katsina, kuma ɗan'uwan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne. Kakansa na wajen uba shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi ma daga sarautar Durbi Turawa suka ɗauko shi suka ba shi Katsina a 1906, kuma mahaifin Dikko, wato Gidado, ya yi Durbi kafin shi. Ta wajen uwa kuwa, jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne. Yaron da ya tashi tsakanin waɗannan gidaje biyu ba ya bukatar a ba shi labarin yadda fada take, ko yadda hakimi yake karɓar haraji, ko abin da talaka yake ji idan dogari ya tsaya a ƙofar gidansa. Ya ga abin da idonsa, daga ɓangaren masu karɓa.

Ya fara karatun boko a Musawa, ya wuce Kankiya da Minna, sannan Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya yi digirinsa na farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lankasta, ya dawo gida a 1967, shekarar da Yaƙin Basasa ya ɓarke. Aikinsa na farko koyar da tarihi ne a Kwalejin Barewa da ke Zariya, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 a zamanin kakansa Dikko, kafin a ɗauke ta zuwa Kaduna, daga baya a kawo ta Zariya. Yana cikin wannan aiki ne ya shiga Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello domin karatun gaba da digirin farko.

Sashen yana ƙarƙashin inuwar Farfesa Abdullahi Smith a lokacin, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, wanda ya kafa sashen a 1962, daga baya kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Smith ya riga ya fara girgiza tsohon tunani game da kafuwar ƙasashen Hausa. A ganinsa labarin Bayajida, komai daɗinsa da muhimmancinsa a al'ada, bai isa ya bayyana yadda aka yi daula ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda ƙauyuka suka zama garuruwa, da yadda wani gari ya rinjayi sauran ya zama birni, ya tara baƙi da masu sana'a da 'yan kasuwa, har aka bukaci sarki da fada da ganuwa. Wannan tunani Bala Usman ya ɗauka ya gwada shi a kan ƙasa guda, ƙasar da ya sani ciki da bai.

Ya yi shekaru yana bin garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katsina, har ya ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suke riƙe da sarautunsu da labaransu. Ya zauna da dattawa da masu riƙe da sarautun gargajiya da malamai, ya karanta jerin sunayen sarakuna da wasiƙun Larabci da rubuce-rubucen shugabannin jihadi, ya haɗa da rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke ajiye a Kaduna. A 1974 ya kammala kundin digirinsa na uku. Bayan shekara bakwai, a 1981, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da shi a matsayin littafi mai suna The Transformation of Katsina, wanda ya bi sauye-sauyen da ƙasar ta shiga daga wajajen 1400 zuwa 1883.

Wanda ya buɗe littafin da tsammanin zai tarar da jikan sarki yana wasa gidansu, zai sha mamaki. Labarin ya tsaya fiye da shekara ashirin kafin Dikko ya hau gadon sarauta, kuma ba jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu ba ne ginshiƙinsa. Tambayar da ta dame shi ita ce yadda aka yi mutanen da asalinsu ya bambanta, sana'arsu ta bambanta, abin bautarsu ma ya bambanta, suka zama al'umma ɗaya da ake kira Katsinawa. Amsar da ya bayar tana cikin birnin kansa.

A yadda ya shimfiɗa lamarin, kafin ƙarni na 15 yankin cike yake da garuruwa masu cin gashin kansu, irin su Durbi ta Kusheyi da 'Yandoto da Kwatarkwashi, kowanne da shugabanninsa da wuraren tsafinsa. Labarin da kowane Bakatsine ya sani, na kokawar da Korau mutumin 'Yandoto ya yi da Sanau, sarkin ƙarshe na Durbawa, da takobin nan Gajere da har yau yake cikin kayan sarautar Katsina, shi bai ɗauke shi tatsuniya ba, bai kuma ɗauke shi rahoton abin da ya faru kalma da kalma ba. Ya karanta shi a matsayin yadda al'umma ta adana tunanin wani babban sauyi, lokacin da mulkin da ya dogara ga dangi da gidan kakanni ya ba da wuri ga mulkin da ya dogara ga birni, inda zama da sana'a da biyayya ga sarki suka fi jini muhimmanci. Sabon tsarin bai share Durbawa ba. Ya jawo su ciki ne, ya mayar da Durbi ɗaya daga cikin manyan 'yan majalisa masu zaɓen sarki. Wannan shi ne abin da ya kira tsarin sarauta, kuma da gangan ya bar kalmar da Hausarta a cikin rubutun Ingilishi, domin ya ga kalmomin da Turawa suka aro daga tarihin nahiyarsu ba su dace da abin da yake bayani ba.

Idan mutum ya fahimci wannan, sai ya ga taswirar birnin ta zama wata irin takardar tarihi. Huɗu daga cikin ƙofofin Katsina sunayen sarautu suke ɗauke da su, wato Ƙofar Durbi da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Marusa, kuma dukkansu manyan sarautu ne tun kafin jihadi. Unguwar Masanawa tana tuna Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Hasumiyar Gobarau tana tuna zamanin da malamai irin su Al-Maghili suka ratsa ta birnin a ƙarshen ƙarni na 15, da zamanin da Aida Ahmad, wanda Katsinawa suke kira Ɗantakum, ya yi alƙalanci a cikinsa. Ganuwar kanta, wadda ake danganta gina ta da Sarki Ali Murabus, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da fadamu da filaye, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da wurin da mutanen karkara za su fake da dabbobinsu. Masu nazarin tsara birane na yau sun fi kowa amfana da wannan ɓangare, saboda yana nuna musu cewa filayen da ake ta yankawa ana sayarwa a cikin birni ba ragowar wuri ba ne da magabata suka manta da shi, da hikima aka bar su.

Littafin ya bi Katsina har zuwa ƙarni na 18, lokacin da ta kai ganiyarta a matsayin zangon ayarin da ke ratsa Sahara ta Agadas, kuma matattarar masu neman ilimi. A wannan ƙarnin ne Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya yi suna a Masar har ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma a nan ma Bala Usman bai tsaya yabon zamanin ba. Ya nuna cewa arzikin da birnin ya tara shi ne ya haifar da ɓarakar da ta rusa tsarin. Malamai da fatake da masu sana'a sun yawaita, suna auna sarakuna da ma'aunin shari'a, su kuwa sarakunan ba su iya rabuwa da tsofaffin al'adun da sarautarsu ta ginu a kai ba, ga nauyin haraji, ga yaƙe-yaƙen da ba sa ƙarewa da Gobir.

A nan ne ya yi babban karo da marubutan da suka gabace shi. An daɗe ana koyar da cewa jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 yaƙi ne tsakanin Fulani da Hausawa, wata ƙabila ta ƙwace mulki daga hannun wata. Shi kuwa ya bi abin da ya faru a ƙasar Katsina gari-gari, ya nuna cewa layin da ya raba jama'a bai bi ta kan ƙabila ba. Malaman 'Yandoto, duk da shahararsu da ilimi, ba su bi jama'ar Shehu ba, har sai da Muhammadu Bello ya ci garin. Waɗanda suka karɓi tuta a Katsina, wato Malam Ummarun Dallaje da Malam Muhammadu Na Alhaji da Ummarun Dumyawa, sun samu magoya baya daga al'ummomi daban-daban, kuma su kansu ba kullum bakinsu yake ɗaya ba. Bayan birnin ya faɗi a wajajen 1807, tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shiga shekaru masu yawa na kai hari da ramuwa, ciki har da yaƙin Gawakuke na 1836. Wannan rashin kwanciyar hankali na daga cikin abin da ya karkatar da fatake zuwa Kano, Katsina ta ragu.

Ragowar birnin a wannan hali shi ne abin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar lokacin da ya iso a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Barth ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya ga mazauna cikinta ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba, ya kuma yi hasashen cewa a zamanin da take cike za ta iya ɗaukar mutum dubu ɗari. Marubuta da yawa sun kwafi waɗannan alƙaluma kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Bala Usman ya rubuta maƙala ta musamman a kan zaman Barth a Katsina tsakanin 1851 da 1854, inda ya sa baƙon a gaba da tambayoyin da alƙali yake yi wa shaida. Kwana nawa ya yi? A ina aka sauke shi, kuma ina da ina ya samu damar zuwa? Da wa ya yi magana? Da wane tunani game da baƙar fata ya baro ƙasarsu? Zuwan Barth na farko ma ya ƙare ne a cikin ja-in-ja da fada a kan kyautar da zai bayar kafin a bar shi ya wuce Kano, kuma mutumin da ke cikin irin wannan ƙunci ba lallai ne ya ga gari da idon adalci ba. Manufar maƙalar ba a yar da Barth ba ce. A auna shi ne kamar yadda ake auna maroƙin fada ko dattijon ƙauye, kada farar fatarsa da bugaggen littafinsa su zama dalilin ɗaga masa ƙafa. Haka ya yi wa masanin nan M. G. Smith a wata maƙalar, inda ya soki yadda ake cusa tarihin wannan yanki cikin akwatunan ƙabila.

Ba Katsina kaɗai ya tsaya a kai ba. Shi ne ya tace maƙalun taron ƙara wa juna sani da aka yi a Sakkwato a kan tarihin Daular Usmaniyya, waɗanda suka fito a littafi a 1979, sannan shi da Nur Alkali suka tace makamancinsa a kan tarihin Barno a 1983. Sashen Tarihi na Zariya ya zama wata makaranta mai aƙidarta a wannan zamani, inda Mahmud Modibbo Tukur ya yi aiki a kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa, Abdullahi Mahadi ya bi tsarin sarauta da tattalin arzikin Kano, George Kwanashie kuma ya duba yadda aka ƙera abin da ake kira Arewa.

Siyasa ba ta bar shi ya zauna a ɗakin karatu ba, shi ma bai nemi ta bar shi ba. Yana cikin kwamitin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1975 domin tsara sabon kundin tsarin mulki, inda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin masu rinjaye suka rubuta nasu rahoton daban. Ya yi Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin jam'iyyar PRP, mulkin da ya soke haraji da jangali, a lokacin da Katsina take cikin jihar. Ga wanda ya san gidan da ya fito, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya rubuta For the Liberation of Nigeria a 1979, da littafin adawa da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1986, da The Manipulation of Religion in Nigeria a 1987, wanda ya yi gargaɗi a kan masu fakewa da addini domin biyan bukatun kansu. Shi da abokan tafiyarsa sun fitar da mujallar The Analyst da takwararta ta Hausa mai suna Fitila. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin soja ta raba shi da aikinsa na jami'a, kotu ta mayar da shi. Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, inda shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria a 2000.

Yana da masu suka, kuma ba duka ne 'yan hassada ba. Wasu sun ga zafinsa a muhawara yana rufe ƙofar fahimtar juna, wasu kuma sun ga aƙidarsa ta siyasa takan riga hujja isa wurin. Littafin Katsina kansa ba mai sauƙin karatu ba ne, sunayen garuruwa da sarautu sun yi masa yawa, kuma da Ingilishi aka rubuta shi, harshen da jikokin yawancin dattawan da suka ba shi labari ba su karanta irin wannan rubutu da shi. Akwai kuma shaidar da ba ta zo hannu ba sai bayan fitarsa. Tun a 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya tona wasu daga cikin kushewun Durbi ta Kusheyi, amma sai a 1992 aka sake tono wasu, aka samu kayan ƙarfe da na zinariya da hauren giwa da wuri, waɗanda daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus domin gyara da nazari. Kayan sun nuna cewa masu mulkin wurin suna da hulɗa da ƙasashe masu nisa, abin da ya ƙara wa hoton zamanin Durbawa haske fiye da yadda labaran baka kaɗai za su iya.

A jami'o'in yau, ana auna malami ne da yawan maƙalun da ya buga da kuma yawan waɗanda suka ambace su a nasu rubutun. Akwai rumbunan intanet da suke wannan ƙidaya, kuma ƙarin girma da tallafin bincike sukan rataya a kan abin da suka nuna. Scopus da Google Scholar duk a 2004 suka fara aiki. Ma'aunin nan da ake kira h-index, wanda yake haɗa yawan rubutu da yawan ambato ya fitar da lamba guda, wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka mai suna Jorge Hirsch ne ya gabatar da shi a 2005, shekarar da Bala Usman ya rasu. Ke nan ya yi rayuwarsa ta ilimi gaba ɗaya kafin a kafa wannan sikeli, kuma sikelin bai dace da irin kayansa ba. Mafi yawan littattafansa a Zariya da Kaduna aka buga su. Da yawa daga cikin maƙalunsa masu tasiri an fara karanta su ne a zauren taron sashe, an buga su da tafireta, ana gurza su ana miƙa wa juna hannu da hannu. Dubban kundayen digiri da ke jibge a kan kantocin ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, inda aka fi ambatonsa, yawancinsu ba su taɓa shiga intanet ba. Ko sunansa ma ya rarrabu, wani ya rubuta Y. B. Usman, wani Yusufu Bala Usman, wani Yusuf, wani kuma Bala Usman kawai, sai na'ura ta ɗauka mutane daban-daban ne.

Duk da haka sawunsa a bayyane yake ga mai neman sa. Babin ƙasashen Hausa a juzu'i na biyar na babban tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta wallafa, wanda masanin Nijar Diouldé Laya ya rubuta, ya jingina da aikinsa a kan Katsina. Michael Watts, masanin labarin ƙasa da ya yi bincike a Kaita ya rubuta Silent Violence a kan yunwa da manoman Arewa a 1983, ya amfana da shi. Masu nazarin gine-gine da masu tonon kayan tarihi da ɗaliban tsara birane a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantun jihar, duk ta kansa suke bi idan za su gabatar da birnin. Har ya rasu Dakta ake kiransa, bai ɗauki muƙamin farfesa ba, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a gabansa suna ɗalibai sun ɗauka.

Sai dai ambato iri biyu ne, kuma na'urar ƙidaya ba ta bambance su. Akwai wanda ya karanta littafi ya yi jayayya da shi ko ya ɗora a kansa. Akwai kuma wanda ya ga sunan a kundin wani ya kwafo shi domin ya ƙawata babin da ake ba da tarihin wurin bincike. Alamar na biyun ba ta ɓuya. Bala Usman ya sa zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, amma ana yawan cin karo da rubuce-rubuce a kan Gobarau da ganuwa da suke mayar da shi ƙarni na 14 bisa tsohon lissafi, wani lokaci ma da sunan Usman a gefe a matsayin madogara. Haka kuma ana samun wanda zai ambace shi a shafi ɗaya, a shafi na gaba ya bayyana jihadi a matsayin yaƙin Fulani da Haɓe, abin da littafin ya ɓata babi-babi yana rusawa. Mutumin da ya ƙi yarda a karɓi maganar Barth ba tare da bincike ba, shi ne yanzu ake karɓar sunansa ba tare da an buɗe littafinsa ba.

Abin da ya fi wannan ciwo yana waje da ɗakin karatu. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a ranar 23 ga Satumba, 1987, gari ya tumbatsa ya ƙetare ganuwa ta kowace kusurwa. Ruwan sama ya zaizaye wani sashe nata, masu ɗibar ƙasa sun cinye wani, an yi gine-gine a kan wani, har akwai wuraren da sai dattijo ya nuna da sanda kafin yaro ya yarda cewa ganuwa ta taɓa bi ta nan. An sake gina ƙofofi da siminti, an faɗaɗa su domin motoci, sunayen suna nan amma katangar da ta ba su ma'ana ta yanke. Ƙofar da ba ta da ganuwa a dama da hagu ado ce kawai a tsakiyar titi. Kundaye da maƙalu a kan lalacewar ganuwar Katsina sai ƙaruwa suke yi, kusan kowannensu da sunan Y. B. Usman a shafukan farko, ganuwar kuwa sai raguwa take yi.

Dakta Yusufu Bala Usman ya rasu a Zariya ranar Asabar, 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. A shekarar da ta biyo baya aka tattara wasu daga cikin maƙalunsa na tarihi, ciki har da ta Barth da ta M. G. Smith, aka fitar da su a littafi guda mai suna Beyond Fairy Tales, wanda ya sa rubuce-rubucen da a da sai mai sa'a yake samun kwafinsu suka isa hannun ƙarin masu karatu. An kafa cibiya da sunansa a Zariya. Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta sa wa kwalejinta ta koyon shari'a da ke Daura sunansa, can gabas, ta fuskar da Ƙofar Durbi take kallo.